Kare ƙoda daga rinin hoton zuciya: tsakanin ƙarin ruwa, rage rini da shan magani

A hoton eksire jini ba ya bambanta da tsokar da ke kewaye da shi, don haka jijiyoyin zuciya ba sa fitowa sai an zuba musu wani ruwa mai ɗauke da sinadarin ayodin, wanda ke tare hasken ya bayyana su ƙarara. Wannan ruwan shi ne rinin hoto. Da shi ake yin anjiyogiram, inda ake zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi har bakin jijiyoyin zuciya. Da shi ake dasa ragar da ke buɗe jijiyar da ta toshe, da shi kuma ake hoton CT na jijiyoyin zuciya. Jiki ba ya narkar da shi, ƙoda ce ke tace shi ta fitar ta fitsari. Mai lafiyayyar ƙoda kan fitar da rabinsa cikin kamar awa 2, kusan dukkansa cikin yini guda. Mai raunin ƙoda kuwa rinin na daɗewa a jikinsa.

Can cikin ƙoda akwai sashen da dama iskar oksijin da ke isa gare shi kaɗan ce, ga shi aikinsa mai cin ƙarfi. Rini na tsuke ƙananan jijiyoyin da ke kai wa sashen nan jini, yana ƙara wa fitsarin da ke ratsa ƙananan bututun ƙoda kauri, sannan yana illata ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe cikin bututun kai tsaye. Girman ɓarnar na bin abu biyu: yawan rinin da ya isa ƙodar, da tsawon lokacin da ya zauna a cikinta a cure. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna kowace hanyar kariya. Waɗanda suka tabbata a manyan gwaje-gwaje, ɗaya daga cikin biyun nan suke taɓawa. Waɗanda ba su taɓa ko ɗaya ba, yawancinsu sun faɗi da aka gwada su a kan dubban mutane.

Ana cewa ƙoda ta taɓu idan kiriyatinin na jini, wato dattin da tsoka ke samarwa ƙoda ke tacewa, ya tashi da 0.3 mg/dL, wato kusan 26 µmol/L, cikin awa 48, ko ya kai ninki ɗaya da rabi na asalinsa cikin kwana 7. Wannan ita ce ƙa'idar KDIGO, ƙungiyar duniya mai tsara ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda. Tsohuwar ƙa'ida, wadda yawancin binciken baya suka yi aiki da ita, tashin 0.5 mg/dL ce ko kashi 25 cikin 100 a cikin awa 48 zuwa 72. Galibi yakan kai ƙololuwa a rana ta 3 zuwa ta 5 ya sauko cikin kwana 7 zuwa 10, kuma sau da yawa fitsari ba ya raguwa, shi ya sa wanda ba a yi wa gwajin jini ba ba za a gane ba.

Wa ke bukatar kariya

Lamba ɗaya ce ke gaban kowace: ƙiyasin ƙarfin tacewar ƙoda, wanda takardar gwaji ke rubutawa eGFR. Kiriyatinin shi kaɗai na yaudara. Tsohuwa marar jiki mai kiriyatinin 1.2 tana iya kasancewa da eGFR ƙasa da 45, yayin da ƙaƙƙarfan matashi mai wannan lambar ƙodarsa garau take. Wanda eGFR ɗinsa ya haura 60 haɗarinsa kaɗan ne. Tsakanin 45 da 59 ya ɗan ƙaru, musamman in akwai ciwon suga. Daga 30 zuwa 44 abin lura ne sosai idan ta bututu za a zuba rinin, ƙasa da 30 kuwa haɗari ne babba ko ta wace hanya.

Sauran abubuwan da ke ƙara nauyi su ne waɗanda ma'aunin Mehran na shekarar 2004 ya tara: faɗuwar hawan jini, raunin zuciya, shekaru sama da 75, ƙarancin jini, ciwon suga, amfani da balan-balan mai tallafa wa zuciya, da yawan rinin da aka zuba. Ciwon suga ba tare da raunin ƙoda ba bai cika jawo matsala ba. Haɗuwarsu ce ke da muni. Lambar eGFR kuma ba abin dogaro ba ce idan kiriyatinin na cikin hawa a kwanakin nan. Wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu, a ɗauke shi a sahun masu babban haɗari ko nawa lambar ta nuna, kuma in aikin ba na gaggawa ba ne a jira ta daidaita.

Zaɓin farko: wane hoto

Kafin a zo maganar kariya, akwai tambayar ko wannan hoton ne ya dace. Hoton CT na jijiyoyin zuciya na cin rini kamar mil 50 zuwa 100, ta jijiyar hannu, kuma rinin ya riga ya gauraye da jini kafin ya isa ƙoda. Haɗarinsa ya yi ƙasa da yadda aka daɗe ana tsoro. A 2020 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da gidauniyar ƙoda ta ƙasar sun fitar da matsaya guda, cewa masu eGFR ƙasa da 30 da waɗanda ƙodarsu ta riga ta taɓu su ne ke bukatar kariya kafin CT, masu 30 zuwa 44 kuma a duba kowa da halinsa. Anjiyogiram ta bututu ya fi nauyi a kan ƙoda, kuma ba laifin rini kaɗai ba ne: bututun na iya kankaro ɓurɓushin kitse daga bangon babbar jijiya, jini na iya zuba, hawan jini na iya faɗuwa a kan tebur. Sai dai ƙwararre na iya gama anjiyogiram na dubawa kawai da rini ƙasa da wanda CT ke ci. Saboda haka wanda alamu suka nuna ƙarara cewa jijiyarsa a toshe take, kai shi CT tukuna sannan a kai shi bututu zuba masa rini sau biyu ne ba dalili.

Idan tambayar ita ce ko tsokar zuciya na samun isasshen jini, akwai hanyoyin da ba ruwansu da ayodin: hoton eko, wato hoton zuciya na sauti, tare da motsa jiki ko maganin da ke hanzarta zuciya, hoton nukiliya, da MRI. Rinin MRI, wato gadoliniyam, wani abu ne dabam. Sababbin nau'o'insa masu ɗaurin kirki haɗarinsu kaɗan ne ƙwarai ko ga mai raunin ƙoda, tsofaffin ne aka danganta da wata muguwar cuta mai sandarar da fata. Akwai kuma binciken ISCHEMIA-CKD na 2020, a kan mutum 777 masu ciwon ƙoda mai tsanani da ciwon jijiyar zuciya da ke zaune lafiya: fara da bututu bai rage mutuwa ko toshewar jijiya ba idan aka kwatanta da fara da magani. Ga irin waɗannan, jinkirta bututu zaɓi ne mai hujja.

Akasin haka shi ne mai toshewar jijiyar zuciya ta farat ɗaya. Wannan ba a jiran sakamakon kiriyatinin, ba a jiran ƙarin ruwa na awa 12. A buɗe jijiyar, ruwa ya bi a kan tebur da kuma bayan aiki. Hana masu ciwon ƙoda aikin da zai ceci ransu don tsoron rini kuskure ne sananne, kuma zuciyar da ta gaza ta fi rini kashe ƙoda.

Rage rini

Wannan ita ce kariyar da ke hannun mai aikin kacokan, ba ta cin kuɗi, ba ta kuma da illa. Ana sa iyaka tun kafin a fara, a faɗa wa ma'aikatan ɗakin, a sa mutum ɗaya ya riƙa sanar da adadin da aka zuba. Hanya mafi sauƙi ita ce a ninka eGFR. Ƙa'idar likitocin zuciya ta Turai ta ce kada yawan rinin a mil ya kai ninki 3.7 na lambar eGFR. Bayanan dubban marasa lafiya da Gurm da abokan aikinsa suka fitar a 2011 sun nuna haɗarin na hawa sosai daga ninki 3, ya fi sauƙi kuma a ƙasa da ninki 2. Mai eGFR 35 ke nan, abin nema shi ne mil 70, mil 105 jan layi ne, mil 130 kuwa an kai bango. Ga mai eGFR ƙasa da 30, masu ƙwarewa kan nemi kada rinin ya wuce lambar eGFR ɗin kanta.

Akwai tsohon lissafin Cigarroa na 1989: mil 5 sau nauyin jiki a kilo, a raba da kiriyatinin a mg/dL, kada ya wuce 300. Mai kilo 70 da kiriyatinin 2.0 zai samu mil 175. Wannan lissafi ya cika sakin hannu, domin bai san shekaru ko jinsi ba. In lissafan biyu suka saɓa, a ɗauki ƙaramin.

Yadda ake cimma iyakar ƙananan abubuwa ne da ke taruwa. Bututu mai ƙaramin baki, lamba 5 maimakon 6 ko 7, wanda ba shi da ramuka a gefe. Ƙaramin sirinji, domin hannu na zuba abin da ya samu. Daina ɗan fesa rini don duba inda bakin bututu yake, wanda shi ne ke cinye rini ba a sani ba. Zuƙe rinin da ya rage a bututu kafin a tura waya ko magani. Barin hoton babban ɗakin zuciya na hagu, wanda shi kaɗai kan ci mil 30 zuwa 40, alhali hoton eko na ba da amsar ba tare da ɗigo ɗaya ba. Na'ura mai ɗaukar kusurwa biyu a fesawa ɗaya, in akwai ta. Ga dasa raga kuma, ƙaramar na'urar sauti da ake zurawa cikin jijiyar, IVUS, na auna faɗi da tsawo ba tare da rini ba. A gwajin MOZART na Barazil a 2014, matsakaicin rini ya sauko daga kusan mil 65 zuwa mil 20 da taimakonta. A lura cewa ɗayar na'urar leƙen cikin jijiya, OCT, a al'ada da rini ake wanke mata hanya, don haka ba ita ce ta mai raunin ƙoda ba.

Idan jijiyoyi da yawa ne ke bukatar gyara kuma ba gaggawa, raba aikin gida biyu ya fi. A bar aƙalla awa 48 zuwa 72, a tabbata kiriyatinin ya koma inda yake kafin zama na biyu. Hanyar shiga ma na da tasiri: a binciken AKI-MATRIX na 2017, taɓuwar ƙoda ta kasance kashi 15.4 cikin 100 ta wuyan hannu, 17.4 ta matsematsi, kuma ƙarancin zubar jini na cikin dalilan.

Nau'in rini bai kai yawansa muhimmanci ba, muddin an bar tsofaffin nau'o'in. Ana rarraba su da yawan ƙwayoyin sinadarin da ke narke a cikinsu idan aka gwada da jini, wanda ke kusan 290. Tsofaffin na kai 1500 zuwa 2000, kuma ba su da gurbi a wajen mai raunin ƙoda. Na tsakiya, irin su Omnipaque, Ultravist da Isovue, na tsakanin 600 da 850. Visipaque daidai yake da jini, sai dai ya fi kauri, ya fi tsada. Gwajin NEPHRIC na 2003 a kan masu ciwon suga 129 ya fifita shi a kan sinadarin da ke cikin Omnipaque da tazara mai yawa, amma gwajin CARE na 2007 da ya gwada shi da na Isovue bai ga bambanci ba. Ƙa'idojin yau sun yarda da rukuni biyun. Mil 60 na rinin tsakiya ya fi mil 150 na mai tsada alheri ga ƙoda. Ɗumama rini zuwa zafin jiki, digiri 37, na rage kaurinsa.

Ƙarin ruwa: wane iri, nawa, ga wa

Ruwa na cika jijiyoyi, ya kwantar da sinadaran jiki masu tsuke jijiyar ƙoda, ya tsinka rinin cikin bututun ƙoda ya kore shi da wuri. Nan ne zaɓi ya fi yawa, nan ne kuma aka fi kuskure.

Ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 0.9 shi ne ginshiƙi. An gwada shi da mai rabin ƙarfi, 0.45, a kan mutum 1620 a 2002, ya yi nasara: taɓuwar ƙoda kashi 0.7 da shi, kashi 2.0 da mai rabin ƙarfi. Dalilin a fili yake, mai cikakken ƙarfi ya fi zama cikin jijiya. Ruwan bayikabonet ya yi tashe bayan wani ƙaramin gwaji na mutum 119 a 2004, bisa tunanin cewa rage tsamin fitsari zai kare bututun ƙoda. Gwajin PRESERVE, wanda aka buga a 2018 a kan mutum kusan 5000 masu raunin ƙoda, ya rufe wannan babin: mutuwa, wankin ƙoda ko lalacewar ƙoda mai ɗorewa a kwana 90 sun kasance kashi 4.4 da bayikabonet, 4.7 da ruwan gishiri, wato babu bambanci. Bayikabonet bai fi ba, ga shi sau da yawa sai an haɗa shi da hannu, inda kuskuren awo ke iya shiga. Ruwan gishiri ya wadatar.

Tsarin bayarwa iri biyu ne. Dogon tsari na wanda ke kwance a asibiti: mil 1 ga kowane kilo a kowace awa, awa 12 kafin aiki, sannan awa 12 zuwa 24 bayansa. Mai kilo 70 zai samu mil 70 a awa, jimla lita 1.7 zuwa 2.5. Idan zuciya na da rauni, wato kason jinin da take fesowa bai wuce 35 cikin 100 ba, ko mutum na haki da ɗan motsi, ana rabawa biyu: mil 0.5. Gajeren tsari na wanda zai zo ya koma gida a ranar: mil 3 ga kowane kilo cikin awa ɗaya kafin aiki, wato mil 210 ga mai kilo 70, sannan mil 1 zuwa 1.5 ga kowane kilo a awa lokacin aiki da awa 4 zuwa 6 bayansa. Dogon ya fi sauƙi ga zuciya domin a hankali yake shiga, shi ne kuma ya dace da mai eGFR ƙasa da 30. Gajeren ya fi sauƙin aiwatarwa, ya kuma isa ga mafi yawan masu matsakaicin haɗari. Ga mai ƙiba sosai kada a bi nauyinsa duka, domin kitse ba ya ƙara wa jijiyoyi wurin ɗaukar ruwa. Ana tsayar da lissafin a wani iyakataccen nauyi.

Aibin tsarin biyu ɗaya ne: awo guda ga kowa. Wanda ya bushe bai samu isasshe ba, wanda zuciyarsa ta cika an ƙara masa kaya. Gwajin POSEIDON na 2014 ya magance wannan da abin da dama ke hannun mai bututu, wato auna matsin da ke cikin babban ɗakin hagu na zuciya a lokacin da ya cika da jini. Kowa ya samu mil 3 ga kilo a awar farko. Daga nan wanda matsinsa bai kai 13 mmHg ba ya samu mil 5 ga kilo a awa, mai 13 zuwa 18 ya samu mil 3, wanda ya haura 18 ya samu 1.5, har awa 4 bayan aiki. Cikin mutum 396, taɓuwar ƙoda ta kasance kashi 6.7 a wannan rukuni, 16.3 a rukunin da aka ba kowa 1.5. Darasin da ke ciki shi ne yawancin mutane na iya ɗaukar ruwa fiye da yadda ake ba su, in dai an auna. Mai kilo 70 da matsi 10 zai samu mil 350 a awa, adadin da ba wanda zai yi gangancin bayarwa a makance. Ga wanda za a yi wa bututu, wannan ce hanyar da ta fi dacewa da a fifita, domin awon ba ya ɗaukar lokaci kuma ba ya bukatar sabuwar na'ura. Ba ta yiwuwa a CT, ba a kuma tura bututu cikin ɗakin hagu idan akwai gudan jini a ciki ko ƙofar zuciya ta ƙarfe da aka dasa a bakin babbar jijiya.

Mataki na gaba shi ne na'urar RenalGuard. Ana sa robar fitsari, a ba da ruwa kamar mil 250 da ɗan furosemid, maganin sa fitsari, 0.25 mg ga kilo, a jira fitsari ya kai mil 300 a awa kafin a fara zuba rini. Na'urar na auna fitsarin tana mayar da daidai adadinsa ta jijiya nan take. A gwajin REMEDIAL II na Italiya a 2011, taɓuwar ƙoda ta kasance kashi 11 da na'urar, 20.5 ba tare da ita ba. Amfaninta ya fi fitowa ga wanda ke da raunin ƙoda mai tsanani tare da raunin zuciya, wanda ba a iya cika shi da ruwa. Kuɗinta, robar fitsari da bukatar sa ido a kan sinadarin fotashiyam na jini sun sa ba ta kowa ba ce. Kada kuma a yi kwaikwayonta da allurar furosemid ba tare da mayar da ruwa daidai ba. An gwada haka tun 1994: taɓuwar ƙoda da ruwa kaɗai kashi 11, ruwa da manitol, wani maganin sa fitsari, 28, ruwa da furosemid 40. Fitsarin da aka tilasta ba tare da maye gurbinsa ba busar da mutum yake yi.

Shin kowa ne ma ke bukatar ƙarin ruwa ta jijiya? Gwajin AMACING na ƙasar Holan a 2017 ya raba mutum 660 masu eGFR 30 zuwa 59 ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda aka ƙara wa ruwa kashi 2.7 ƙodarsu ta taɓu, waɗanda ba a ƙara wa ba 2.6. Kashi 5.5 na waɗanda aka ƙara wa kuwa ruwan ya ba su matsala, mafi yawa cikar zuciya. Ba a sa masu eGFR ƙasa da 30 ba, ba a sa na gaggawa ba, don haka ba hujja ce ta hana su ba. Abin da ya nuna shi ne mai eGFR 50 da za a yi wa CT ko anjiyogiram mai ɗan rini ba ya bukatar kwana a asibiti saboda ruwa. Shan ruwa da baki ya ishe shi. Abin da ke cutar da irinsa shi ne a hana shi ci da sha tun tsakar dare, aikin kuma ya kai yamma. Ruwa zalla ana iya sha har zuwa awa 2 kafin aiki, sai in likita ya hana saboda wani dalili. Ga mai eGFR ƙasa da 30 kuwa shan baki ba ya maye gurbin na jijiya, domin ruwan da ba gishiri ba ya zama cikin jijiyoyi.

Yayin ƙarin ruwa a riƙa sauraron huhu, a auna oksijin, a lura da numfashi. Haki, tari a kwance ko faɗuwar oksijin alama ce ta a rage ko a tsayar.

Magungunan da ake bayarwa

Asetilsistin, maganin tsinka majina, ya fi kowanne suna. Gwajin da ya fito da shi a 2000 mutum 83 ne kacal. Gwajin ACT na Barazil a 2011 ya ba mutum 2308 ko dai maganin ko ƙwayar da ba komai a ciki, taɓuwar ƙoda ta zo kashi 12.7 a kowane ɓangare. PRESERVE ya maimaita, 1200 mg sau biyu a rana har kwana 5, bai ga komai ba. Ba shi da tsada, ba shi da wata illa ta kirki, amma yana da lahani ɗaya: yana sa a ji an yi wani abu, a manta da ƙirga rini.

Magungunan rage kitsen jini, wato istatin, hujjarsu ta fi ƙarfi. A PRATO-ACS na 2014, rosubastatin 40 mg da isowa sannan 20 mg kullum ya sauko da taɓuwar ƙoda daga kashi 15.1 zuwa 6.7 a masu ciwon jijiyar zuciya na gaggawa da ba su taɓa shan irinsa ba. Ana kuma amfani da atobastatin 80 mg. Zaɓin nan ba shi da wuya, tunda kusan duk mai zuwa bututu dama yana bukatar istatin don zuciyarsa. Ga mai eGFR ƙasa da 30 atobastatin ya fi dacewa, domin rosubastatin sai an rage masa awo.

Dofamin da fenoldofam, masu buɗe jijiyoyin ƙoda, an gwada su, ba su yi ba. Wankin ƙoda nan da nan bayan aiki don a cire rini shi ma bai yi ba: illar na farawa cikin mintuna, kafin a haɗa na'ura. Wanda dama yake kan wankin ƙoda ba sai an sauya masa rana ba, sai in ruwa ya yi masa yawa. Amma in har yanzu yana fitsari, a rage rini don kare ragowar aikin ƙodar.

Magungunan da ake dakatarwa

Magungunan ciwo irin su ibufurofen, diklofenak da nafuroksen na toshe hanyar da ƙoda ke buɗe jijiyoyinta idan ta shiga matsi. A daina su awa 24 zuwa 48 kafin aiki da bayansa, a tambayi marar lafiya kai tsaye, domin mutane da yawa ba sa lissafa su cikin magungunansu. Ƙaramin asfirin na zuciya ba ya cikin wannan, a ci gaba da shi. Jentamisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da danginsa a guje su in akwai madadi. Maganin sa fitsari ana iya tsallake na safiyar ranar ga wanda ba shi da cikar ruwa, amma ba ga mai kumburi da haki ba.

Metfomin, maganin ciwon suga, ba ya illata ƙoda. Matsalar ita ce in ƙodar ta taɓu, yana taruwa ya jawo tsamin jini mai haɗari. Hukumar magunguna ta Amurka ta ce a dakatar da shi lokacin aiki ga mai eGFR 30 zuwa 60, da duk wanda za a zuba wa rini ta bututu, da mai ciwon hanta ko raunin zuciya, a sake gwaji bayan awa 48 kafin a dawo da shi. Mai eGFR ƙasa da 30 dama bai kamata yana shansa ba. Magungunan hawan jini irin su lisinofuril da losatan kuwa gwaji bai nuna cewa dole a dakatar da su ba. Mai raunin zuciya da ke zaune lafiya a kansu a bar masa. Wanda hawan jininsa ya yi ƙasa, ko ya bushe, ko fotashiyam ɗinsa ya hau, a tsallake masa kwana ɗaya ko biyu.

Bayan aiki

Duk mai eGFR ƙasa da 45, da wanda rininsa ya wuce iyakar da aka sa, a auna masa kiriyatinin tsakanin awa 48 da 72. Gwajin washegari da safe kan fito lafiya alhali tashin bai fara bayyana ba, kuma wanda aka sallama a ranar shi ne aka fi mantawa. A ba shi takardar gwaji da rana tun kafin ya fita. In ya tashi, a ci gaba da dakatar da metfomin da magungunan ciwo, a duba fotashiyam, a gyara awon duk maganin da ƙoda ke fitarwa, a ɗage duk wani hoton rini ko tiyatar zuciya da ba ta gaggawa ba, a sake gwaji har ya sauko, sannan a sake duba ƙodar bayan wata 3.

Idan kiriyatinin bai sauko ba bayan mako biyu, ko ya fara hawa makonni bayan aiki, a nemi wani dalili. Ɓurɓushin kitsen da bututu ya kankaro kan toshe ƙananan jijiyoyin ƙoda a hankali, tashin na zuwa mataki-mataki. A duba yatsun ƙafa ko sun canja launi suna ciwo alhali bugun jijiyar ƙafar na nan, a duba fatar ƙafafu ko ta yi zane kamar raga, a duba ƙwayoyin iyosinofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, a gwajin jini. Ƙarin ruwa ba ya maganin wannan, kuma ƙodar ba ta cika komawa yadda take ba. Irin wannan marar lafiya na likitan ƙoda ne, kuma a guji sake zura masa bututu ta babbar jijiya sai in ba makawa.